Hular Golan Tsibiri

Ranar da na tabbatar Bash ya cuce ni, a tsaye nake a ƙofar wani filin ƙwallo can bayan garin Kuala Lumpur, jakar takalmana a kafaɗa, mai gadi yana ta girgiza mini kai. Ya ce filin na makaranta ne, babu kulob ɗin da ya taɓa atisaye a cikinsa. Bash shi ne ejan ɗin da ya ɗauko ni daga Kano, ya ce akwai kulob a Malesiya da ke neman gola ruwa a jallo. Na kira lambarsa har wayata ta ɗauki zafi. Tun daga ranar ban sake jin muryarsa ba, kuma ko yanzu na gan shi, wallahi sai an riƙe ni.

Sunana Nafi'u, ɗan Gwammaja. Ban iya komai ba a duniya sai tsaron raga, kuma ba cika baki ba, na iya. Maganar komawa gida ba ta taso ba, don filin da marigayi Abbanmu ya bar mana aka sayar aka yi mini hanya, kuma duk layinmu an san na tafi Turai buga ƙwallo. Malesiya ba Turai ba ce, amma ka je ka gaya wa 'yan layinmu.

Wanda ya tsince ni Alhaji Tasi'u ne, wani Bakano mai harkar tura kaya gida, ɗakin ajiyarsa yana Chow Kit, bayan masu kifi. A masallaci muka haɗu. Ya ji ina waya da Hausa ina tsine wa Bash, ya jira na gama, sannan ya ce in zagin ya ishe ni in zo mu ci abinci. Ya ba ni katifa a tsakanin kwalaye, ya ba ni aiki. Da safe in bi shi titin Jalan Masjid India mu kwaso abaya da gyale, da yamma in ɗaure in liƙe. "Gola ba raga" yake kirana, in ya ga na ɓata rai sai ya ƙara. A haka bizata ta ƙare ina ji ina gani. Na koyi tafiyar marasa takarda: ba ka gudu, ba ka waiwaye, in ka hango 'yan sanda sai ka shige kedai, wato shago, mafi kusa ka tsaya taya abin da ba saya za ka yi ba.

Ranar Lahadi kaɗai nake komawa mutum. Ɗalibai 'yan Najeriya suna haɗuwa a wani fili kusa da tafkin Titiwangsa, yawancinsu 'ya'yan masu hali, takalmi mai tsada, ƙafa babu komai. Kowa so yake ya ci ƙwallo, ba mai son tsayawa a raga, shi ya sa suka karɓe ni hannu bibbiyu. A nan na fara lura da wani tsoho da ke zama a bayan ragata. Baƙi ne kusan kamarmu, amma gashinsa a kwance, a kansa kuma wata hular hana-sallah da ta sha faci har ba ka iya rantsewa da asalin launinta. Ranar da ya yi mini magana ita ce ranar da aka fi cina, don 'yan bayana duk sun tafi gaba neman suna. Da aka tashi ya zo da gurguwar Turancinsa, wai na burge shi. Na ɗauka ba'a yake yi, na ce masa ai ya ga abin da aka zuba mini.

"Ba kamunka nake kallo ba," ya ce. "Yadda kake shiga raga ka ɗauko ƙwallo nake kallo. Ba ka sunkuyar da kai, ba ka jira wani ya ɗauko maka. A wurinmu rabin aikin gola ke nan."

Sunansa Yunus, ni kuwa tun ranar nake ce masa Baba. Tare yake da ɗan ƙaninsa Ilyas, malamin makaranta, siriri mai gilashi, wanda Turancinsa ya fi na kowa a cikinmu. Suka ja ni wani shagon mamak, irin na Indiyawan Musulmi da ke sayar da shinkafa da shayi. Baba Yunus ya sa aka kawo faranti biyu, ya tura mini ɗaya. Yunwa kuwa kamar ta kashe ni, amma ɗan Umma ne ni, matar da in ka karɓi abu a hannun mutane tun tayin farko, to ranar kunnenka zai gaya maka. Na ce alhamdu lillahi, a ƙoshe nake, ina jiran ya ce haba dai. Tsohon nan ya janye farantin, ya cinye nasa, ya cinye nawa, ya sha shayinsa, ni ina zaune ina haɗiyar yawu. A raina na ce wannan tsoho ba shi da ta ido. Daga ranar in sun ce makan, wato a ci abinci, ba na jiran a maimaita, kuma na ɗauka iyakar darasin ke nan.

Sunan tsibirinsu ba zan faɗa ba, mutanensa suna nan da ransu kuma ba su aike ni ba. Ko na faɗa ma, sai ka matso da ido sosai kafin ka gan shi a taswira. Ba cikakkiyar ƙasa ba ce, a ƙarƙashin wata take, amma tana da tutarta da majalisar dattawanta da ƙungiyar ƙwallonta. Filin wasansu ɗaya ne tak, a bakin teku, in ruwa ya cika sai ya cinye kusurwa guda. Saboda haka masu shirya gasar ƙananan tsibirai suka ce ba za a buga a can ba, wasansu na gida sai dai su kama fili haya a Kuala Lumpur. Baba Yunus ne kocinsu, Ilyas kyaftin. Sun yi gaba ne su shirya masauki, sauran 'yan wasan su biyo baya. Abin da suka rasa shi ne gola, don wanda suke horarwa ya samu aiki a jirgin ruwa ya tafi ko sallama bai yi ba.

Tarihin ƙungiyar ba a rubuce yake ba, a bakin Baba Yunus yake, kuma ba ya gajiya da ba da shi. Masunta da 'yan dakon tashar jiragen ruwa ne suka fara ta tun zamanin kakansa, suna karawa da ma'aikatan jiragen da suka tsaya ɗibar ruwa. A filin nasu, in rana ta yi yamma, sai ta faɗo cikin teku daidai idon wanda ke tsaron ragar gabas. Golansu na farko, Hamid mai gyaran koma, wata rana aka yi masa ruwan ƙwallaye don ko tafin hannunsa ba ya gani. Golan baƙin ya tausaya masa, ya cire hularsa ya ba shi. Hular ke nan a kan Baba Yunus. Daga gola take zuwa gola, kowa uwarsa ko matarsa ta ƙara mata faci, har ya zama bakinta ne kawai ya rage na asali. Kafin kowane atisaye sai ya dafa ta ya jero sunayen: Hamid, Salim Dogo, Musa Baƙo, Idris, Karim, Yunus.

Sauran labarin duk na shan kashi ne. Sun taɓa kwanaki a jirgin ruwa za su wasa, suka sauka suna amai, aka lallasa su, suka koma jirgin. Akwai shekarar da guguwa ta tafi da turakun raga, suka kafa na itacen kwakwa. Akwai shekarar da aka rufe makarantar tsibirin saboda malaman duk suna cikin tawaga. Sau ɗaya suka taɓa tashi canjaras, zamanin Karim, aka ba da hutu, aka yanka awaki, kuma har yau yaran da aka haifa a shekarar ana ce musu 'yan canjaras. Nasara kuwa ba su taɓa ganinta ba. Shi kansa Baba Yunus bai taɓa fita daga fili ba tare da an ci shi ba. Da farko dariya nake yi har da riƙe ciki, sai na lura ni kaɗai nake yinta. Na tambaye shi me ya hana su haƙura. Ya ce ranar wasa ce kaɗai ake faɗin sunan tsibirinsu a rediyon wasu ƙasashe.

Labarin Musa Baƙo ne ya tsaya mini a rai. Ba ɗan tsibirin ba ne, jirgi ne ya tafi ya bar shi yana jinya. Ilyas ya yi mini bayanin cewa duk wanda aka ba hular ya zama ɗan gidan wanda ya ba shi, dattawa su sa shi cikin mutanen tsibiri, a yi masa takarda, ya tsaya musu a raga. Musa a can ya yi aure, a can aka binne shi. Ilyas bai ce komai a kaina ba, ni ma ban tambaya ba, amma ba yaro ba ne ni. Na ga takarda, na ga fili, na ga ranar da zan daina shiga kedai in taya abin da ba na so. Na kira Umma na ce mata na kusa zama golan ƙasa guda. Ta tambaye ni wace ƙasa, na faɗa, ta ce ita dai ba ta taɓa jinta ba, amma Allah Ya sa albarka.

Ana cikin haka korona ta shigo, aka sa dokar kulle. Aka rufe filayen jirgi, 'yan wasan suka maƙale a can, su biyun suka maƙale a nan, aka ɗage wasan ba rana. Harkar Alhaji Tasi'u ta tsaya cak. Ya koma wurin iyalinsa a wata unguwa, ya bar mini mabuɗi da buhun shinkafa, Allah Ya saka masa. Baba Yunus ya ce in dawo wurinsu, a wani ɗan gidan sama da suka kama kusa da Jalan Masjid India. Wannan karon ban yi fulako ba.

Titin da ba ka samun wurin sa ƙafa ya koma sai hankaki da motar 'yan sanda. Wata safiya na leƙa ta taga na ga an zagaye wani dogon gini kusa da mu da waya mai ƙaya. Daga baya aka jero mutane a tsugune, aka ware marasa takarda aka loda su a manyan motoci. Na ja baya daga tagar. Daga ranar ko sayo abinci Ilyas ne ke fita, ya yi mana tapau, wato a ƙunshe masa, ya dawo da shi a leda, ni ko bakin ƙofa ba na zuwa. Kewar gida ta taso mini a lokacin fiye da kullum. Sai in zauna ina tuna ƙurar filin Gwammaja da ƙosan bakin layinmu, in ji kamar in yi kuka, wani lokacin ma in yi.

Atisaye bai tsaya ba. A ƙarƙashin ginin akwai wurin ajiye motoci, a nan Baba Yunus ya zaɓi ginshiƙai biyu ya ce raga ke nan. Ilyas yana bugawa, ni ina faɗuwa a kan siminti, tsohon yana gefe da takunkumi a fuska yana gyara mini tsayuwa. Wani lokacin sai ya kunna tocila ya haska mini ido, wai in saba da ranar tsibiri tun yanzu. Gwiwar hannuna duk ta ɗaye, amma ban taɓa jin daɗin ƙwallo irin na watannin nan ba. Na haddace sunayen shida, ina faɗinsu tare da shi. In na kai Yunus sai in yi shiru, shi kuma ya kalle ni ta ƙasan hular.

Ƙaramar sallah ta same mu a ɗaki, ba idi, ba ziyara. Muka yi sallarmu mu uku, Ilyas ya dafa kifi da madarar kwakwa irin na garinsu. Bayan mun ci, na ga Ilyas ya jingina waya a jikin kwalba, ya juyo da ita wajenmu. Na ɗauka hoton sallah zai ɗauka. Baba Yunus ya miƙe, ya ce in tashi. Ya yi wata doguwar magana da yarensu, na ji sunayen shida a ciki. Sannan ya sa hannu biyu ya cire hular, karon farko da na ga tsakiyar kansa, ya miƙo mini.

Abin da na fi so a duniya ke nan, ga shi a gabana. Amma dattijo ne ya tuɓe hular kansa, ya tsaya kai ba hula a gaban yaro. Kafin in yi tunani jikina ya riga ya durƙusa, na sa hannu biyu na tura hannunsa baya a hankali, na ce, "A'a Baba, ba a yi haka ba. Ka bar kayanka a kanka."

Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce karɓi mana. A gida da haka za a yi, ya matsa, in ƙara nuna kunya kaɗan, in karɓa, kowa ya ce yaron nan yana da tarbiyya. Da ban ji ya faɗa ba, na ɗago. Baba Yunus ya mayar da hular kansa, ya zauna, ya zuba wa bango ido. Daga cikin wayar na ji muryoyi, sai a lokacin na ga fuskokin tsofaffi cike da fuskar wayar. Dattawan tsibirin ne, an tara su shaida. Ilyas ya kashe wayar, ya cire gilashinsa, ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

Shi ya yi mini bayani a kan matakalar bene. A wurinsu ba a tayin abu sau biyu, don maimaita tayi tilastawa ce, kuma ɗa ba a samunsa da tilas. Hular musamman sau ɗaya ake miƙa ta, ba a kuma sanar da wanda za a ba, don a ga abin da zuciyarsa za ta yi. Wanda ya tura ta baya ya ƙi gidan ke nan, a gaban shaidu. Na ce masa wallahi girmamawa ce, a garinmu wanda ya fizge abu tun tayin farko shi ne marar kunya. Ya ce ya gane, shi ma Baba ya gane, amma ba su kaɗai suka gani ba. Na koma ɗaki na durƙusa gaban tsohon, na yi magiya da Turanci, da ya ƙare mini na ci gaba da Hausa. Ya dafa kaina ya ce ba fushi yake ba. Hular dai tana kansa.

Ilyas ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya yi ta waya da dattawan, wasu suka ce baƙo ne a yi masa uzuri, wasu suka ce in an karya wa baƙo yau, gobe ɗan gida zai nema. Daga ƙarshe suka tsaya a kan cewa in na taka tsibirin da ƙafata, na tsaya a ragar gabas na roƙa da bakina a gaban jama'a, to Yunus zai iya sake miƙawa. Shi da hannunsa, ba wani ba. Sai dai ta ina? Jirgi ba ya tashi, tsibirin ya rufe ƙofarsa ko ga 'ya'yansa, ni kuma ko tashar jirgin ƙasa ba na iya shiga ba tare da gabana ya faɗi ba.

Na kira Umma na ba ta labari, ina so wani ya taya ni baƙin ciki. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ai daidai na yi, ina aka taɓa barin babba kai ba hula? Ta ce in mutanen kirki ne za su sake ba ni. Muryarta cike da alfahari, ita a ganinta tarbiyyarta ta ƙetare teku. Na ce mata katina ya kusa ƙarewa.

Aka sassauta kulle, aka sake ƙullewa, aka ƙara ɗage wasan. Muna nan dai muna sauka ƙasa atisaye, amma abin ya canja. Baba Yunus yana jero sunayen, in ya kai nasa ba ya ƙara kallona. Ya rame, ya rage labari. Ni kuma shekaru suna tafiya, gwiwata ta hagu ta fara yi mini magana duk safiya. Wasu daga cikin ɗaliban Titiwangsa iyayensu suka kwashe su, wasu suka daina ɗaga wayata don sun san taimako zan nema. Alhaji Tasi'u ma ya daina ce mini gola ba raga, kuma wannan ya fi tsokanar ciwo.

A shekara ta biyu cutar ta yi tsanani a garin, motar asibiti ba ta daina kuka. Ilyas ya fara kamuwa ya tashi, ni ma na yi zazzaɓina na tashi, sai ta kama tsohon. Da numfashinsa ya fara sarƙewa aka zo ɗaukarsa. Dole na ɓuya a banɗaki saboda ma'aikatan, don haka ko fitarsa ban gani ba, tarinsa kawai na ji yana nisa. Da na fito na tarar da hular a kan matashinsa. Ilyas ya ce shi ya cire ta ya ajiye, don kada a haɗa ta da kayan asibiti a ƙone. Na tsaya a kanta na daɗe, ban taɓa ta ba.

Bai dawo ba. Mutane masu fararen kaya daga sama har ƙasa suka yi masa sallah suka binne shi, mu muna kallo a waya. Ba a jima ba saƙo ya zo daga tsibirin cewa sun janye daga gasar, ba koci, ba gola, rabin 'yan wasan ma sun watse neman abinci. Aka samar wa Ilyas gurbi a wani jirgin kwaso 'yan ƙasa. Kafin ya tafi akwai abu ɗaya da dattawan suka ɗora masa. A al'adarsu, golan da ya mutu bai miƙa hular ba, to ta teku ce. Ba a taɓa yi ba, amma kowa ya san hukuncin.

Na ce masa, "Ilyas, daga ni sai kai. Ka ba ni, wa zai sani?"

"Ni ba gola ba ne," ya ce. "Ba tawa ba ce balle in bayar. In na ba ka, tsumma na ba ka."

Na zage shi ranar, zagi na gaske, har da abin da bai shafe shi ba. Bai rama ba, ya ci gaba da haɗa kayansa.

Teku ba ta kusa, kuma akwai shingayen 'yan sanda a hanya, ba a barin kowa ya ƙetare yankinsa. Sai muka tuna da kogin da ke wucewa ta gaban Masjid Jamek, inda ruwa biyu suka haɗu. Wani mai shago ya tabbatar wa Ilyas cewa ƙarshensa teku ne. Da hantsi muka fita, karon farko da na taka titi cikin watanni, takunkumi har ƙasan ido. Muka tsaya a kan gada. Ruwan ja ne, ya ja baya sosai, yana bin tsakiyar wani faffaɗan kwalbati na siminti. In ba a yi jifa mai nisa ba, hular a kan siminti za ta faɗi. Ilyas ya duba nisan, ya duba siraran hannayensa, sannan ya ce dama aikin na gola ne, ba a yarda ɗan gaba irinsa ya jefa ta ba. Ya ajiye ta a kan ƙarfen gadar, don kada ya zama ya miƙo mini.

Na ɗauka. Ba ta da nauyi ko kaɗan, tana warin man kwakwa da gumin tsohon. Na ga facin matarsa, shuɗi, ɗinkin ƙanana-ƙanana, kuma a gefensa akwai wuri kamar faɗin yatsa biyu inda zanin Umma zai zauna daidai. Ilyas ya fara jero sunayen a hankali: Hamid, Salim Dogo, Musa Baƙo, Idris, Karim, Yunus. Na ba shi lokaci, ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba.

Na naɗe ta a kan ɗan dutse, na ja baya, na jefa ta yadda Baba Yunus ya koya mini jefa wa ɗan gaba ƙwallo, daga kafaɗa, ba daga gwiwar hannu ba. Ta faɗa tsakiyar ruwan daidai. Dutsen ya nutse, ita ta taso ta buɗe, ta bi bayan wata robar ruwa da ledoji har ta shige ƙarƙashin gada ta gaba.

Ilyas ya tambaye ni ko ina ganin za ta kai. Na ce boleh, wato za ta kai, alhali ban sani ba. Muka yi musabiha duk da an hana, ya nufi tashar jirgin ƙasa. Ni kuma na hango motar 'yan sanda tana tahowa, sai na shige kedai mafi kusa. Mai shagon huluna yake sayarwa. Ya ɗauko wata sabuwa fil ya miƙo mini in gwada, na karɓa tun bai gama miƙowa ba.